Fitilar Xenon Da Fitilar Hazo: Abin Da Ya Kamata Ka Sani Kafin A Taɓa Wayarin Motarka

Duk mazaunin Kurmi da ya mallaki mota, ko yana Agege ne ko Mile 12, ko Sabon Ibadan, ko Shagamu, Binin, Anacha ko Fatakwal, akwai tafiyar da ba ta wuce shi: zuwa gida Arewa. Ko Sallah, ko biki, ko ta'aziyya. Mafi yawanmu ta Lokoja muke bi mu faɗa Abuja, kuma duk yadda mutum ya kai da sammako, sai duhu ya taɓa shi a hanya, ko na asuba ko na magariba. Shi ya sa da an fara shirin tafiya za ka ji ana cewa "bari in je a sa min farar fitila". Wasu a Ladipo suke yi, wasu kuma sai sun iso Abuja su shiga Apo.

Na rubuta wannan bayani ne don mai mota ya san abin da yake saye da abin da ake ɗaura masa. Maganar a dunƙule ita ce: ƙarfin haske daban, gani daban. Fitilar kirki ita ce wadda take zuba haskenta a kan kwalta. Wadda take watsa shi a idon mai tahowa kuwa, ko da ta fi rana haske, kuɗinka ka ba da ka sayo haɗari.

Mece ce fitilar zenon?

Yawancin motocin da ke hannunmu da ƙwan halojin suka zo. A cikinsa akwai siririyar waya a naɗe, wuta ta bi ta cikinta ta yi zafi ta ba da haske mai ɗan ruwan ɗorawa. Ƙwan yakan ci wat 55, na H4 kuma 55 a dim, 60 a ful.

Ƙwan xenon, wanda masu wayarin ke kira zenon ko HID, ba shi da wannan waya. Tsinke biyu ne na ƙarfe suna kallon juna a cikin ɗan kwalba mai iskar zenon da wasu sinadarai. Wuta ce take tsallakawa daga wannan tsinke zuwa wancan, kamar yadda kake gani wajen mai walda. Kafin ta tsallaka sai an buga mata wuta mai ƙarfin bolt 20,000 ko fiye, alhali batirin mota bolt 12 ne. Wannan shi ne aikin ɗan akwatin nan da ake kira balas. Shi ke tayar da ƙwan, sannan ya riƙe shi a kan bolt 85 ko 42, gwargwadon irin ƙwan.

Kamfanin BMW ne ya fara fito da mota mai irin wannan fitila a 1991, a samfurin 7 Series. Abin da ya sa ta karɓu a bayyane yake. Ƙwan zenon na asali mai wat 35 yana ba da haske kimanin lumen 3,200, shi kuwa halojin H7 mai wat 55 kimanin 1,500 yake bayarwa. Ka ga ya ninka shi a haske, ya ci wuta ƙasa da shi, kuma ya fi shi daɗewa. Aibinsa shi ne ba ya kamawa nan take, sai ya ɗauki 'yan daƙiƙu yana ɗumama kafin haskensa ya cika.

Ƙwayayen asali suna da lamba: D1S, D2S, D2R, D3S, D4S da sauransu. D1 da D2 akwai sinadarin makuri a cikinsu, mai guba ne, kada a bar yara su yi wasa da wanda ya mutu. D3 da D4 babu, kuma ba a musanya su da na farko domin balas ɗinsu ba ɗaya ba ne. Abin lura a nan shi ne, da gangan aka yi gindin waɗannan ƙwayaye daban, don kada su shiga fitilar halojin. Wanda ake sayarwa a kwali da sunan kit, ƙwan zenon ne aka dasa masa gindin halojin don ya shiga inda ba a yi shi domin wurin ba. Daga nan matsalar take farawa.

Gidan fitila shi ne komai

Ƙwai shi kaɗai haske kawai yake fitarwa ta ko'ina. Gidan fitilar ne yake tattara hasken ya aika shi inda ya dace. Iri biyu ne.

Na farko mai madubi. In ka leƙa za ka ga ƙwan a tsakiya, bayansa kwano mai walƙiya. An ƙera wannan kwano ne daidai da tsawo da kauri da mazaunin wayar halojin, har milimita ɗaya tana da tasiri. Ita wayar a miƙe take, tsakiyarta ya fi haske. Wutar zenon kuwa a ɗan lanƙwashe take, kuma bakinta biyu ne suka fi haske. In ka sa ta a wannan kwano, madubin zai jefa hasken sama da gefe, ya zuba da yawa a gindin mota, nesa kuma ya ragu.

Abin da ke yaudarar mai mota ke nan. Ya kunna ya ga gaban motarsa fari fat, ya ce an yi aiki. Amma idan kusa da kai ya yi haske da yawa, ƙwayar idonka tsukewa take yi, sai ganin nesa ya ragu. Ramin da ke mita 60, ko tirelar da ta lalace ba alama sai ganye, su ne abin da kake buƙatar gani, ba kwaltar da ke gaban bambarka ba.

Na biyu mai furojekta, wato mai ƙwallon gilashi kamar idon sa. A cikinsa akwai ɗan faranti da ke yanke hasken sama, shi ya sa in ka haska bango za ka ga layi a miƙe, ƙasa haske sama duhu. Irin wannan ya fi jure zenon. Duk da haka furojektar da aka yi don halojin ba daidai take da wadda aka yi don zenon ba, sai an gwada an gani.

Misali daga motocin da muka sani: Corolla 'yar Amurka ta 2003 zuwa 2008 da Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, duk mai madubi gare su, ƙwan dim 9006, na ful 9005. Camry ta 2007 zuwa 2011, wato Muscle, furojekta gare ta a dim da ƙwai H11. Bas ɗin Hiace yawanci H4 ne, ƙwai ɗaya mai dim da ful a haɗe, kuma a ganina shi ne mafi munin wurin da za a sa kit, domin wuta ɗaya ake son ta yi aikin waya biyu.

A Turai, motar da ta fito da zenon daga kamfani, in hasken ya wuce lumen 2,000, doka ta ce sai da na'urar da ke daidaita tsayin hasken da kanta idan an yi lodi, da kuma abin wanke gilashin fitilar. A Ingila tun 2021, in aka sa ƙwan zenon a gidan halojin, motar ba ta cin gwajin shekara. Mutanen da suka ƙirƙiro abin ke nan, ga yadda suke tsoronsa.

Lissafin daƙiƙa uku

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In haskenka ya kashe wa mai tahowa ido na daƙiƙa uku kacal, ya yi tafiyar mita 80 da ɗoriya bai ga komai ba, kuma kai yake nufowa. Mai shekaru ya fi yaro daɗewa kafin idonsa ya dawo daidai.

Duk wanda ya san hanyar Abuja zuwa Lokoja, ta Gwagwalada, Kwali, Abaji, Koton Karfe har gadar Murtala, ya san tun 2006 aka ba da aikin mayar da ita tagwaye, kuma shekara da shekaru ana haɗa masu zuwa da masu dawowa a hannu ɗaya a wuraren da ake aiki. A irin wannan wuri tsakaninka da tanka bai fi taku biyu ba. Kuma kowa ya san halin hanya: ka haska direban babbar mota, ya rama da fitilu shida. Daga nan ku biyu kun zama makafi.

Zancen lambar K

A jikin kwalin za ka ga 4300K, 6000K, 8000K, har 12000K. Da yawa suna ɗauka babbar lamba ita ce babban haske, wasu masu shago ma haka suke faɗa. Ba haka ba ne. Lambar launi take nunawa. Halojin yana wajen 3200K. Zenon ɗin da kamfanoni ke sawa yana wajen 4300K, fari mai ɗan ɗumi, kuma a nan hasken ya fi yawa. 6000K fari ne mai ratsin shuɗi. Daga 8000K zuwa sama shuɗi ne zuwa ruwan hoda, hasken da ke isa kwalta yana raguwa, kashe idon yana ƙaruwa.

Mu da ke zaune inda ruwan sama ya fi yawa, wannan ya fi shafarmu. Baƙar kwalta jiƙaƙƙiya a hanyar Ore ko ta Fatakwal zuwa Aba tana shanye shuɗin haske, ka ga kamar ba ka kunna komai ba. In har za ka sa, kada ka wuce 4300K zuwa 5000K.

Haka zancen wat. Balas na asali 35 ne. Mai 55 ko wanda aka rubuta wa 100 zafi yake ƙarawa, ya ƙone madubin ciki, ya dusashe gilashin, ya kashe ƙwan da wuri.

Fitilar LED da ta cika kasuwa yanzu ita ma hukuncinta ɗaya. In ƙwayoyin haskenta ba su zauna daidai inda wayar halojin take zama ba, watsuwa za ta yi. Lambobin lumen da ake bugawa a kwalayenta kuwa, kada ka ɗora kuɗinka a kansu.

Kafin ka sayi komai, duba waɗannan

Na sha ganin mota an kawo ta don a sa zenon, alhali ciwonta ba na ƙwai ba ne.

Na ɗaya, gilashin fitilar. Na motocin yanzu roba ne, rana tana cinye shi ya koma ruwan ƙasa. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada a 2018 ta samu cewa fitilar da ta dushe haka tana iya ba da kusan kashi 20 cikin 100 kawai na hasken sabuwa. A goge ta da yashin takarda mai laushi, a shafa mata abin kariya, in ba haka ba bayan 'yan watanni za ta koma.

Na biyu, madubin ciki. In ruwa ya taɓa shiga ko ya ƙone ya yi toka-toka, babu ƙwan da zai gyara shi. Sai sabon gida.

Na uku, wutar da ke isa ƙwan. Idan inji na aiki, batir ya kamata ya nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5. A auna a bakin soket ɗin fitilar a gani. Tsohuwar waya da tsatsa suna cin wuta a hanya, kuma in wutar ta ragu da kashi 10 cikin 100, hasken halojin yana raguwa da kusan kashi 30. Rile da sabuwar waya kai tsaye daga batir sukan dawo da hasken da ka manta motarka tana da shi.

Na huɗu, saiti. Zan zo kansa.

Na biyar, ƙwan kansa. Akwai halojin mai inganci na Osram da Philips da ya fi na gama-gari haske a kan wat ɗin nan dai, sai dai bai kai shi daɗewa ba, kuma jabu ya yi yawa. Guji ƙwan halojin mai wat 100. Na 55 yana jan amfiya huɗu da rabi, na 100 ya haura takwas, soket ɗin roba narkewa yake yi.

Akwai kuma wani tarko wajen sayen gidan fitila na Beljiyam. Tun 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Fitilar da ta dace da mu, haskenta yana ɗan ɗagawa ta gefen dama don ka ga bakin hanya da masu tafiya a ƙasa. Wadda aka ciro daga motar Ingila ko Japan ta hagu take ɗagawa, wato daidai fuskar mai tahowa. A haska bango a gani kafin ka biya.

In ka yanke shawarar sawa

Hanya mafi kyau ita ce a sa cikakken gidan fitilar da aka yi don zenon, ko a buɗe naka a dasa furojektar zenon a ciki a mayar a liƙe da kyau. Akwai furojekta mai faranti mai motsi da ke ba da dim da ful da ƙwai ɗaya, ita ce ta dace da masu H4. Ya fi tsada, amma shi ne aiki.

Ga abin da za ka tsaya a kai a wajen mai wayarin, kada ka ba da makulli ka tafi cin abinci:

A cire kan batir na negatif kafin a fara. Kada kowa ya taɓa wayar da ke tsakanin balas da ƙwai alhali fitila na kunne.

A sa zenon a dim kawai. Ful yana buƙatar kamawa nan take don ba da sigina, zenon kuwa kunnawa da kashewa a jere yana kashe shi.

A ja wuta daga batir ta rile. Lokacin tashi balas yana fizgar wuta fiye da yadda yake ci in ya zauna, siririyar wayar mota ba ta son haka. A jikin rile akwai lambobi: 30 daga batir, 87 zuwa balas, 86 daga tsohuwar wayar fitila, 85 zuwa jikin ƙarfen mota.

Fis ya zauna kusa da batir, kamar tazarar tafin hannu ɗaya ko biyu, a kan girman da masu kayan suka rubuta. Duk wanda ya ce zai naɗa waya a madadin fis, karɓi makullinka.

Kada a fere wayar mota a murɗa a naɗe da salatif. A yi amfani da soket, ko a yi solda a rufe. Inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata roba.

A ɗaure balas da kusa a wurin da ruwa ba ya taruwa, nesa da zafin inji. In an huda murfin bayan fitila a toshe da roba. Wanda ke shiga ruwan Legas ko na Fatakwal da damina ya san dalili.

Kada a taɓa kwalbar ƙwan da yatsa, maiƙon hannu yana sa ta fashe.

Wasu motocin Amurka da Kanada suna kunna fitila da rana da ragaggiyar wuta. Balas ba ya son rabin wuta, zai yi ta ƙyaftawa har ya mutu. Motocin Jamus irin su Marsandi, BMW da Volkswagen na baya-bayan nan kuma kwamfutarsu tana lura da ƙwai, za ta nuna alama a dashbod ko ta yanke wutar. A warware wannan da kayan da aka yi dominsa, kada a yi ta gwaji a kan burenbos ɗinka.

Ka ajiye tsofaffin ƙwayayenka a mota. In balas ya mutu maka a Okene ƙarfe biyun dare, su za su kai ka gida.

Yadda ake saita fitila

Wannan kai ma za ka iya, kuma kyauta ne. Nemi fili shimfiɗaɗɗe mai bango, da daddare. Iskar taya ta zama daidai, mutum ɗaya ya zauna a kujerar direba. Matso da mota dab da bango, ka yi alama daidai tsakiyar kowace fitila. Ja baya a miƙe mita 10. Kunna dim. Layin da ya raba haske da duhu ya kamata ya sauka santimita 10 ƙasa da alamarka. Wannan shi ne kashi 1 cikin 100, kuma a jikin fitilu da yawa za ka ga an rubuta 1.0% ko 1.2%. A bayan fitilar akwai kusoshin da ake juyawa, ɗaya sama da ƙasa, wani kuma hagu da dama. Rufe ɗaya da tsumma ka saita ɗaya.

In ka haska bangon ba ka ga layi ba sai haske a watse kamar an fasa ƙwai, to babu saitin da zai gyara. A cire.

Yi lissafi da wannan: fitilar da ke santimita 65 daga ƙasa, a wannan saiti haskenta zai taɓa kwalta a wajen mita 65. Mai gudun 100 kuwa yana buƙatar fiye da mita 70 kafin ya tsaya cak, a busasshiyar hanya ma. Ma'ana, a kan dim, gudun 100 ya wuce ganinka, ko wane irin ƙwai ka sa.

Sai zancen lodi. In an cika but da garin rogo da manja da kayan Sallah, ga mutum huɗu a baya, gindin mota zai zauna, hancinta ya ɗaga, dim ɗinka ya koma ful a idon mutane. Wasu motocin suna da ɗan maɓalli mai 0, 1, 2, 3 kusa da sitiyari, aikinsa ke nan. In babu, a sake saiti bayan an yi lodi.

Fitilar hazo

Wadda ake kira fog layit aikinta daban ne. In akwai hazo, ko ƙurar hunturu, ko ruwa kamar da bakin ƙwarya, hasken babbar fitila yana bugun ɗigon ruwa ko ƙurar ya dawo idonka, ka ga farin bango a gabanka. Ful ya fi muni. Ita fitilar hazo ana sa ta can ƙasa a bamba, haskenta faffaɗa ne kuma a kwance, yana bin ƙasa ya nuna maka bakin kwalta da layin hanya a 'yan mitocin da ke gabanka. Ba ta hango nesa. An yi ta ne don mai tafiya a hankali.

Daga Nuwamba zuwa wajen Maris, Hukumar Hasashen Yanayi ta NiMet takan yi gargaɗin ƙura, wani lokaci gani ya gaza mita 1,000. Ga hazon asuba a kwarurruka da bakin kogi. A nan take da rana.

A ƙa'idar Turai ba a sa ta ƙasa da santimita 25 daga ƙasa, kuma ba ta hawa sama da babbar fitila. Saitinta ya fi na dim kallon ƙasa. Mafi yawan motoci suna da gurbinta a bamba, a nemi wadda aka yi don samfurin motarka. Ƙwayayenta su ne irin H3, H8, H11 ko 9006. Kada a sa mata zenon: gidanta ƙarami ne, zafi zai fasa shi, kuma haske mai yawa a cikin hazo shi ne ainihin abin da ake gudu.

Fari ko ruwan ɗorawa? Faransa ta wajabta fitila mai ruwan ɗorawa tun shekarun 1930 har zuwa 1993. Launin ba ya huda hazo kamar yadda ake faɗa, amma ya fi sauƙi a ido, kuma bai kai shuɗi dawowa fuska ba. Duka biyun sun yi. Shuɗi da ja ne ba naka ba, musamman masu walƙiya, na jami'an tsaro ne da motocin agaji.

Wajen haɗawa, ita ma rile da fis nata daban, da makunni mai ɗan haske a dashbod don ka san tana kunne. A ɗauko siginar rile daga ƙananan fitilun fakin, yadda in ka kashe fitilu ita ma za ta mutu, kada ta kwana tana shan batir. Wasu motocin Turai suna da jar fitilar hazo a baya, mai haske kamar ta birki. In gari ya washe a kashe ta, tana damun na bayanka. Ita ma ta gaba haka.

Dogayen fitilun LED da ake jerawa a kan rufi ko gaban bamba ba fitilar hazo ba ne. Na shiga daji ne da gona. Kunna su a kan titi zalunci ne, ba wani suna.

Hukuma fa?

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana aiki da dokarta ta 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012, kuma laifin fitila yana cikin jerin laifukan da take yanka wa tara. Littafin ƙa'idar tuƙi ya ce a rage wa mai tahowa haske. A Abuja, ofishin DRTS da aka fi sani da VIO, mai hedikwata a Mabushi, shi ke kula da lafiyar mota, kuma Abuja da Legas duk suna da cibiyoyin gwajin mota da kwamfuta inda fitila ke cikin abin da ake dubawa.

Wasu za su ce ai a watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa VIO ba ta da hurumin tare mota a hanya, ko kama ta, ko cin tara. Haka ne, an yi. Amma hukuncin bai shafi 'yan Road Safety ba, kuma kai da za ka ratsa jihohi biyar ko shida, kowace da nata jami'an. Fitila shuɗiya gayyata ce a kowane shinge.

Inda ake yi a Abuja

Apo Mechanic Village ita ce babbar matattara, akwai masu fitila da masu wayarin birjik. Akwai kasuwar Gudu kusa da ita, akwai Kugbo a hanyar Nyanya, sai kasuwar kayan mota ta Zuba, wadda ta fi sauƙi ga mai wucewa Kaduna ba tare da ya shiga gari ba. Amma ka sani yawancin kayan daga Kudu suke hawowa, daga Ladipo da Trade Fair a Legas, da Nnewi da Nkpor. Na Fatakwal yana da Ikoku, na Ibadan yana da Agodi Gate. Abin da za ka saya a Apo wataƙila a ƙofar gidanka ya wuce.

Don haka shawarata, a yi aikin a garin da kake zaune, mako guda ko biyu kafin tafiya, ka yi yawo da shi da dare ka ga halinsa. Aikin wayarin da aka yi da la'asar a kama hanya da magariba, in ya ba da matsala a daji zai bayar, kuma wanda ya yi maka yana can nesa. In dole sai a Abujan, ka kwana. Ka ce a gwada a bango a gabanka, ka karɓi rasit, a yi maganar canji in balas ya mutu. Farashi yana bin dala, ka taya shago uku kafin ka ciro kuɗi.

Gwaji na ƙarshe mai sauƙi ne. Bar motar a kunne a kan dim, ka taka mita 30 gabanta, ka koma gefen da mai tahowa zai kasance, ka ɗan rusuna daidai tsayin mai ƙaramar mota. In ka iya kallonta ba ka kau da kai ba, an yi aiki. In kuwa ka runtse ido, to haka kowa zai runtse daga nan har Kano. Haka kuma in ka hau hanya ka ga kowa yana maka ful alhali kana kan dim, ba tsokana ba ce, suna gaya maka ne a sauke.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.